Datsau Mai Bakin Tarko

An yi wata 'yar tururuwa mai suna Datsau, tana zaune ita kaɗai a ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganyen mangwaro. Jikinta bai kai ƙwayar gero ba, amma tana da dogayen haƙora biyu da take ɗanawa kamar tarko. A tsakaninsu akwai siririn gashi. Duk abin da ya taɓa gashin nan, ƙas! sai haƙoran su datse, ko ta so ko ba ta so ba. Da haka take kama ƙwari, ta ci ita kaɗai, ta yabi kanta, tunda babu mai yabon ta.

Rannan maƙwabciyarta Kiyashi, mai son jama'a, ta leƙo.

"Yaya Datsau, kaɗaicin nan bai ishe ki ba? Girmanmu ɗaya, ki dawo gidanmu mana. Sai dai ki riƙa sauke tarkon nan, yara na tsoro."

"Ni? Cikin masu lasar sukari? Oh ni Datsau, an gama da ni! Dubi haƙoran nan da kyau, yarinya. Ni jinin Cinnaka ce, dangin masu cizo. Yau ma can zan tare."

Ta wangale haƙora, ta kama hanya tana rangaji. Ta tarar da tsoho Cinnaka, sarkin faɗa, a bakin raminsu.

"Ke kuma 'yar gidan wa?"

"Haba Baba, 'yarku ce. Ba ka ga shaida ba?"

"Na ga baki ya riga sallama isowa. Rufe shi, ki durƙusa ki gaishe ni, sannan mu duba ko ke tamu ce."

Datsau ta ce a ranta, in na rufe, me ya rage a kalla? Sai ta durƙusa da bakin a ɗane. Gashin ya shafi tsakuwa. Ƙas! Haƙora suka doki dutse, ƙarfin dukan ya cilla ta sama, tana wutsil-wutsil, ta faɗa kan wani ganye a tsakiyar kududdufi.

Ta kira Cinnaka, tuni ya shige rami. Ta koma kiran Kiyashi har muryarta ta dushe.

"Kiyashi, ƙanwata! Ai wasa nake miki! Kin ga na rufe!"

Ta rufe ɗin kuwa, amma babu mai gani sai inuwarta a cikin ruwa. Iska ta ci gaba da tura ganyen.

Darasin wannan labari shi ne, wanda ya raina masu son sa don ya liƙe wa waɗanda ba su gayyace shi ba, abin da yake taƙama da shi ne zai jefa shi inda babu kowa. Ku kuma yara, in za ku gaida babba, ku fara gyara bakinku tun daga ƙofa.