Tantabarun Malam Sulle

A Rogo Sabon Gari akwai wani mutum ana ce masa Lukumanu, mai shagon kayan babur a bakin kasuwa. Ba mugu ba ne. Yana sallah, yana zumunci, kuma ba shi da rowa. Aibinsa ɗaya ne: ba ya iya jira. Tun yana yaro, in an yi shuka yau, gobe zai je ya tona ramin ya ga ko ta tsiro. Ya girma bai sake hali ba. Shayi da zafinsa yake kurɓa, ya ƙone baki, sannan ya hau mai shayi da faɗa. In liman ya ja doguwar sura, sai ka ji gyaran muryarsa daga sahu na uku.

Mahaifinsa, Malam Sulle, yana zaune a wani ƙauye ta wajen Ruwan Bago. Tun da matarsa Tasalla ta rasu shekara shida da suka wuce, shi kaɗai ne a gidan, sai tantabarunsa. Asali ma na Tasalla ne. Ita ta fara da guda biyu, ta rataya musu tsofaffin tukwane a ƙarƙashin rumfa. Da ta rasu, tsohon ya gaje su. Guda goma sha shida ne, kuma kowacce da sunanta: akwai Fara, akwai Mai Wando saboda gashin ƙafarta, akwai wani namiji mafaɗaci da yake kira Ɗan Sanda. Ba ya yanka su, ba ya sayarwa. In 'yan shila suka yi yawa sai ya ba wa maƙwabta su kiwata.

Kullum da hantsi zai zauna a gindin darbejiyar tsakar gida, ya karkaɗa ƙwaryar dawa. Kafin ya watsa sun sauko. Wata a gwiwarsa, wata a kafaɗa. Mutumin da ba ya haɗa kalma goma da ɗan Adam a wuni, sai ka ji shi yana ta hira da tsuntsaye.

Sai hawan jini ya kama shi. Wata rana ya yanke jiki ya faɗi a bakin rijiya, maƙwabcinsa Maikuɗi ne ya tsince shi. Hankalin Lukumanu ya tashi. Cikin wata biyu ya gina masa ɗaki a gidansa na Rogo, da siminti da fanka, kusa da asibiti. Sau uku yana zuwa ɗaukarsa, sau uku yana komowa shi kaɗai.

Yayarsa Saude, wadda ke aure a Karaye, ta ce masa a waya, "Ka daina ɓata bakinka. Baba ba zai bar tantabarun Inna ba."

"To sai in haɗa da su in kwaso!"

"Kai ɗin? Kai da ko ruwa ba ka iya jira ya tafasa?"

Maganar ta yi masa ciwo. Washegari ya hau babur ya tafi ƙauye a karo na huɗu. Bayan sun gaisa ya ce, "Baba, ka taho da tantabarunka. Akwai ɗakin ajiya a bayan gida, na ba su."

Malam Sulle ya dubi tukwanen da ke rataye a rumfa. Sannan ya ce, "Tantabara ba kaza ba ce. Duk inda ka kai ta, ta san hanyar gida. Sai an kulle ta. Sai ta yi ƙwai a sabon wuri, ta kwanta, ta ƙyanƙyashe. Sannan ne in ka buɗe za ta fita ta dawo, don ba ta barin 'ya'yanta."

"Kwana nawa ke nan?"

"Ka ɗauka arba'in."

"Arba'in! Baba, takaba za su yi?"

Tsohon bai yi dariya ba. Ya ce, "Ka ji sharaɗina. Inda suka zauna, nan zan zauna. Ba mai buɗe ƙofar nan sai ni."

"Na yarda."

"Ka yi saurin yarda," in ji tsohon.

Aka kwaso su a kwanduna uku, har da tukwanensu. Aka toshe tagar ɗakin ajiyar da raga, aka rataya tukwanen. Ranar da za su taho, Maikuɗi ya tare Lukumanu a ƙofar gida ya ce tun da gidan zai zauna ba kowa, ko zai riƙa shanya a tsakar gidan, don nasa cike yake da kaji da awaki. Lukumanu yana ƙoƙarin tayar da babur, ya ce, "Kawu, ka yi duk abin da ka ga dama."

Kwana uku na farko lafiya. Malam Sulle ya kan shiga ɗakin da hantsi da ƙwaryarsa, ya ja ƙofa, ya zauna a kan turmi. Yana shan maganinsa a kan lokaci. Matar Lukumanu, Bahijja, ta ce har tuwo ya fara ƙarawa.

Daga kwana na biyar Lukumanu ya fara ƙorafi. Kukan tantabarun ya hana shi barcin safe. Warin kashinsu yana shigowa har falo. Gashi yana bin iska yana faɗawa cikin randa. Kullum in ya dawo daga shago zai leƙa ta raga.

"Baba, sun yi ƙwan?"

"Tukuna."

Gobe ma haka. "Baba, yau fa?"

"Fara ta soma jan tsinke tana kaiwa tukunya. Alama ce."

"Tsinke! Kwana goma ana ciyar da su, abin da suka iya ke nan?"

Bahijja ta ja shi gefe ta ce, "Maigida, ni ce mai sharar nan, ni ce mai shaƙar warin, ban ce komai ba. Kai da kake wuni a kasuwa, me ya dame ka?"

"Ke ba ki gane ba. Tsuntsu ne fa. In ya ga abinci da ruwa ina za shi? Tsofaffi ne kawai da son tsawaita abu."

Ran kwana na goma sha biyu Saude ta bugo ta ce za ta zo Juma'a ta duba Baba. Ta ƙara da cewa, "Ina fursunoninka? Har yanzu suna kulle? Ai ni na san ranar da aka buɗe su, ranar Baba zai nemi takalminsa."

Lukumanu ya kashe wayar yana huci. A ransa ya ce sai Yaya Saude ta zo ta tarar da tantabarun nan suna shawagi a kan rufin gidansa, ya ga bakin da za ta yi magana da shi.

Washegari Alhamis ce, ranar awon jinin tsohon. Da sassafe Bahijja ta raka shi asibiti don su kama layi. Kafin ya fita ya ce, "Kada a ba su komai. In na dawo zan ba su da kaina."

Suna fita Lukumanu ya tsaya a ƙofar ɗakin tantabarun. Ya yi lissafinsa shi kaɗai: ba su ci komai ba, yunwa za ta tsare su. Zai buɗe, ya watsa dawa a tsakar gida, su ci, su ɗan zaga su koma. Kafin Baba ya dawo an gama magana. Ya zare sakata.

Ɗan Sanda ne ya fara leƙowa. Ya taka zuwa bakin ƙofa, ya karkata kai ya dubi sama. Sai fir! Sauran suka bi shi, har fuka-fukansu suna bugun fuskar Lukumanu. Ya ɗauki ƙwarya yana karkaɗawa yadda ya ga mahaifinsa yana yi. Ko kallonsa ba su yi ba. Suka yi sama, suka zaga gidan sau biyu, suka miƙe suka nufi ƙauye.

Ya tsaya da ƙwarya a hannu. Ya ce za su dawo. Ya jira minti goma, wanda a wurinsa dogon jira ne. Ba su dawo ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Malam Sulle ya shigo yana dogara sanda. Ya ga ƙofar a buɗe. Ya ga dawa a watse a ƙasa ba wanda ya taɓa. Bai tambayi wanda ya buɗe ba.

"Baba, wallahi cewa na yi su ɗan sha iska…"

"Tayar da babur."

"Ka huta tukuna, yanzu ka dawo daga asibiti. Ni zan je in kamo su."

"Tayar da babur, na ce."

Suka kama hanyar ƙauye. Lokacin farkon damina ne, an yi ruwa kwana biyu da suka wuce, kowa yana shirin shuka. Suna sauka suka ga ƙofar gidan a buɗe, Maikuɗi yana tsaye a zaure, hularsa a hannu.

"Malam," ya ce, "kada ka shiga tukuna."

Tsohon ya ratsa ta gefensa ya shiga.

A gindin darbejiya, daidai inda ya saba zama da ƙwaryarsa, an shimfiɗa buhuna biyu. A kansu irin dawa ne da aka cuɗa da jan maganin nan da manoma ke sa wa iri don kada ƙwari da ɓeraye su cinye shi a rami. Maikuɗi ya shanya shi a nan ne don ya san ba kaza, ba akuya, ba tsuntsun kowa a gidan. Ya tafi gona. Tantabarun suka iso da yunwa, suka tarar da hatsi a wurin da aka saba ba su.

Suna kwance a warwatse. Wasu a kan buhun, wasu a bakin kaskon ruwan da ya bushe. Mai Wando ce kaɗai ke motsi. Malam Sulle ya durƙusa da ƙyar ya ɗauke ta, ya sa ta cikin rigarsa. Ba a jima ba ta daina motsi.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Maikuɗi. "Malam, ka yafe mini. An ce mini ba za a buɗe su ba sai bayan kwana arba'in. Da na san…"

"Ba laifinka. Ara mini fartanya."

Lukumanu ya miƙa hannu zai karɓa. Tsohon ya hana shi. Da kansa ya haƙa ramin a gindin bishiyar, yana yi yana hutawa. Ya jera su ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa. Goma sha shida cif. Ya mayar da ƙasa, ya daddanna da tafin hannu, ya zauna a wurin.

Da la'asar ta yi Lukumanu ya matso. "Baba, mu tafi. Maganinka yana can."

"Ka aiko da shi."

"Baba, don Allah. Na yi kuskure. Ka zage ni, ka dake ni ma in ka so, amma ka taso mu tafi."

Malam Sulle ya dube shi, ba fushi a fuskarsa. Ya ce, "Na gaya maka tun farko, inda suka zauna nan zan zauna." Ya nuna ƙasar da ya daddanna. "Ga su nan."

Lukumanu ya koma Rogo shi kaɗai. Yana shiga gida Bahijja ta kama hannun rigarsa ta kai shi ɗakin ajiya. Ta sauke tukunyar Fara ta miƙa masa. A cikin tsinkayen akwai ƙwai guda ɗaya, fari, ƙarami. Ya taɓa shi. Ya yi sanyi.

Da Saude ta zo ran Juma'a ta ji abin da ya faru, ba ta yi masa gori ba. Kuka ta yi, ta ce da ta sani da ba ta tsokane shi ba. Shi kuwa da gorin ta yi masa da ya fi masa sauƙi.

Ko mako ba a yi ba, halin nasa ya sake motsawa. Ran kasuwa ya sayi tantabaru ashirin, manya masu kyau, ya ɗaura kwando a bayan babur ya kai ƙauye. Ya ajiye a gaban mahaifinsa yana haki.

"Baba, ga su. Sun ma fi waɗancan yawa."

Tsohon ya leƙa kwandon. Ya ce, "Masu kyau ne. Amma ba su san ni ba, ba su san uwarka ba. Kai wa mai so."

Shekara biyu ke nan. Malam Sulle yana nan a ƙauye, matar Maikuɗi ce ke miƙa masa abinci. Lukumanu yana zuwa duk bayan kwana biyu da magani, rani da damina, in hanya ta cika da laka ya tura babur da hannu. Duk lokacin da wayarsa ta yi ƙara ya ga sunan Maikuɗi, sai ya ɗauka wani abu ya sami tsohon. Suna gaisawa da mahaifinsa lafiya lau, tsohon yana sa masa albarka. Amma bai sake taka gidan Rogo ba. Ɗakin siminti mai fanka, tayoyin babur ne a ciki yanzu.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Abin da mutum ya shaƙu da shi, ko tsuntsu ne, ko mage, ko akuya, kada ka auna shi da idonka ka ce ai dabba ce kawai. Ba ka san abin da yake gani a jikinta ba, ba ka san wanda take tuna masa ba. Kuma in wanda ya san abu ya ce maka a jira, to ka jira, ko da ba ka ga dalili ba. Lukumanu ya iya gina ɗaki cikin wata biyu don yana ƙaunar mahaifinsa, amma ya kasa barin sakata ɗaya a rufe na kwana ashirin da bakwai. Kyakkyawar niyya ba ta gyara abin da gaggawa ta ɓata. Allah Ya ba mu haƙuri da iyayenmu, da abin da suke so.