Malam Tanimu da Jan Tsinken Japan

Akwai wani masassaƙi a Chaza, cikin Suleja, ana kiransa Malam Tanimu. Turminsa ba ya tsagewa, akushinsa kuwa har masu shagunan kayan gargajiya na Abuja ke zuwa ɗauka. Gwani ne, kuma ya san shi gwani ne. Maganar da ta fi yawan fita daga bakinsa ita ce, "Babu itacen da ya gagare ni."

Yana da wani tsohon aboki mai suna Olamilekan, Bayarabe mazaunin Kurmin Sarki, malamin gona da ya yi ritaya. Kowa Baban Ini yake ce masa, saboda 'yarsa Inioluwa.

Shekarun baya an tura Baban Ini ƙasar Japan kwas na noman shinkafa, ya sauka a gidan wani abokin aiki. Mahaifiyar abokin sana'arta yin tsinkayen da mutanen can suke cin abinci da su, kuma da hannu take yi. Da zai dawo ta ba shi guda huɗu a ɗan akwati: biyu dogaye baƙaƙe na miji, biyu gajeru jajaye na mata. Al'adarsu ce a ba ma'aurata irin wannan kyauta.

Shi da matarsa Olufunke ba sa fito da su sai ranar Kirsimeti, su yi ta fama, shinkafa na zubewa, ana dariya. Da aka sa ranar auren Inioluwa, suka yanke shawarar miƙa mata tsinkayen a wurin liyafa.

Sai aka samu matsala. Wata 'yar'uwa da ta zo taya aiki ta ga ɗaya daga cikin jajayen a kan faranti, ta haɗa shi da tukwane, ta dirje shi da soson ƙarfe. Sheƙinsa ya mutu, jikinsa duk ya yi zane-zane.

Baban Ini ya naɗe shi a hankici ya kai wa Tanimu.

Tanimu ya juya shi tsakanin yatsu biyu, ya yi dariya. "Wannan ne ya hana Maman Ini sukuni? Tsinken tsire?"

"Malam, ba tsinken tsire ba ne o. Mamar da ta yi shi ta ce ya shekara a hannunta."

"Shekara! A kan tsinke? Fenti ne kawai, Baban Ini. In kankare, in sake zana masa, in shafa man sheƙi. Ka dawo jibi."

"Don Allah a hankali. Babu wani irinsa."

"Ka taɓa jin itacen da ya gagare ni?"

Bayan tafiyarsa Tanimu ya ɗauko samfefa ya fara gurza tsakiyar tsinken. Yana jiran ya ga fenti ya tashi, farin ice ya bayyana. Icen bai bayyana ba. Ƙarƙashin jan sai ga baƙi, ƙarƙashin baƙin sai ga wani ja. Ga wasu 'yan fararen ɗigo-ɗigo kamar na kwanson ƙwai, ga wani abu kore yana ƙyalli idan an karkata shi wajen haske.

Nan hannunsa ya tsaya. Mutumin da ya tsufa cikin itace bai buƙatar a yi masa bayani. Adon ba a sama aka zana shi ba, a ciki aka binne shi. Da ya ci gaba, da babu abin da zai sake zanawa.

Amma ya riga ya yi ɓarna. Tsakiyar tsinken ta yi fari-fari, ta yi kaushi, kamar tsawon gaɓar yatsa.

Akwai gwangwanin man sheƙi na kafintoci a gefensa. Idan ya shafa, tabon zai ɓuya har bayan biki, kafin daga baya ya fara ɓarewa. Ya buɗe gwangwanin. Matarsa Hajara, da ta kawo masa kunu, ta tsaya tana kallon sa.

"Malam, gyara za ka yi ko rufewa?"

"Ina ruwanki da aikin maza?"

"Babu. Na dai ga tsinken tsire ya sa ka gumi."

Ta ajiye kunun ta koma ciki. Tanimu ya mayar da murfin gwangwanin, ya hau babur ya nufi Kurmin Sarki.

Da Olufunke ta ga tabon, ta dafe ƙirji. "Malam Tanimu! Gyara muka ce fa."

"Maman Ini, na yi kuskure. Na raina abin, ban san shi ba. Idan wadda ta yi shi tana da rai, a haɗa ni da ita in tambaya."

Baban Ini ya dube shi da kyau. Tun da suke, bai taɓa jin Tanimu ya ce zai tambayi wani game da itace ba.

Tsohuwar tana nan da ranta. Aka kira ta ta bidiyo a waya. Ita ta faɗa da yarensu, ɗanta ya juya zuwa Turanci, Baban Ini ya juya zuwa Hausa.

Ta ce abin da ke jikin tsinken ƙaron wata bishiya ne da suke kira urushi. Ana shafa shi, a yayyafa kwanson ƙwai da ɓawon katantanwar teku, a sake shafawa a kai har komai ya ɓace. A bari ya bushe, a ƙara, a bari, a ƙara. Sai a ƙarshe a riƙa gogawa da dutse mai laushi da ruwa, har abin da aka binne ya fara leƙowa.

Ta ce a matso da tabon kusa da waya. Ta duba, ta tambaya, "Wa ya ce masa ya tsaya a nan?"

"Babu kowa," in ji Tanimu.

Ta gyaɗa kai. Ta ce za ta aiko da ɗan ƙaron, zai iso kafin biki. Ta ba shi sharaɗi: ya daidaita wurin da dutse da ruwa, ya bi da gawayi mai laushi, kada ƙaron ya taɓa fatarsa, kuma kada ya kuskura ya shanya a rana. A cikin laima yake bushewa.

Wannan na ƙarshen ne ya tsaya wa Tanimu a rai. Duk sana'ar da ya sani a garin nan, rana ce ke busar da ita: fata, yumɓu, rini, itace. Da saƙon ya iso, ya shafa ƙaron a guntayen ice biyu. Ya ɗora ɗaya a kan kwanon rumfa, ya sa ɗayan a akwatin katako tare da jiƙaƙƙen tsumma. Na ranar ya ƙi bushewa, yana ta danƙo. Na akwatin ya bushe ya ƙame kamar tangaran.

Sharaɗin fata kuwa ya ɗan yi masa sakaci. Hannunsa ya kumbura, ya yi ta susa. Hajara tana shafa masa man kaɗe tana cewa, "Ashe itacen Japan ramuwa yake yi." Daga ranar bai sake taɓa ƙaron ba sai da safar hannu.

Damina ce, garin a jiƙe, kamar an shirya masa. Ya shafa siririn ƙaro, ya goge, ya rufe a akwati, ya jira. Ya sake. Masu turmi suna zuwa suna komawa, yana ba su haƙuri. Mutumin da ya ce a dawo jibi ya kwashe makonni a kan gaɓar yatsa guda.

Ana gab da biki aka sake kiran tsohuwar. Ta sa aka jera jajayen biyu. Nan take ta nuna wanda aka gyara.

Sai ɗanta ya fassara. Ta ce a wurin da ya gurza ya yi zurfi kaɗan, ya fito da wani ɓawo mai kore da shuɗi wanda ta binne da hannunta amma ba ta taɓa ganin fitowarsa ba. Ta ce, "Ni na sa shi, shi ya fito da shi. Yanzu tsinken aikin mutum biyu ne."

Sannan ta nemi a nuna mata abin da shi yake yi. Tanimu ya ɗaga baƙin akushinsa gaban waya. Ta daɗe tana kallo, kafin ta tambayi yadda yake baƙanta ice haka ba tare da ƙaro ba. A ranar ita ce ta saurara, shi ya yi bayani, Baban Ini na gumi wajen fassara.

A wurin liyafa, da Olufunke ta miƙa wa 'yarta akwatin, Baban Ini ya karɓi makirufo ya ba da labarin duka, har da samfefa. Ya ce Tanimu ya miƙe. Ya miƙe cikin babbar rigarsa, hannunsa da sauran tabon ƙaiƙayi, jama'a na tafi.

Kwanakin baya wani mutum ya kawo masa tsohuwar kujera ta wani irin ice da bai sani ba, yana cewa, "An ce babu itacen da ya gagare ka."

Tanimu ya shafa kujerar, ya sunsuna ta. Ya ce, "Ajiye ta. Wa ya yi ta? Bari mu fara tambaya."

Darasi: Kada ƙanƙantar abu ta sa ka raina aikin hannun da ke cikinsa. Idan ka yi ɓarna, ka tsaya, ka faɗa, ka tambayi wanda ya sani, domin wannan bai taɓa rage wa gwani daraja ba. Ku tura wannan labarin ga masu sana'ar da kuka sani, su ma su amfana.