Jakin da Ya Sa Aka Ɗaure Hadari

Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya farka!

Ta zo mu ji ta, Inna!

Wannan marigayi kakanku ne ya bar min ita. In kun ji ƙarya, ku kai ƙara kushewarsa.

Wani Jaki ne ubangidansa, mai ɗiban ruwa, ya rasu. Ko sadakar bakwai ba a yi ba, magada suka fara latsa cinyarsa suna zancen mai kilishi. Jaki yana jin su.

Ana nan sai Zaki ya sa gasar gudu a farkon damina, daga bakin kasuwa har Fadamar Kuka, tafiyar yini guda. Wanda ya fara isa, fadama tasa ce, ba igiya ba wuƙa har ya mutu.

Barewa ta shiga. Jimina ta shiga. Jaki ya shiga, aka yi ta dariya har Kura ta saki tusa.

Aka kama shiri. Barewa da Jimina su yi gudu da sanyin asuba, rana na ɗagawa su nemi inuwa. Jaki kuwa sai tsakar rana, yadda ya saba da tuluna a baya. Amma ya san in ruwa ya sauka gari ya yi sanyi, ko wutsiyarsu ba zai hango ba.

Ya je wurin Jimina. "Hajiya, wannan gashi naki in ruwa ya doke shi, ai kaza za a ce."

"Rufe min baki, mai kunnen faifai!" Amma magana ta zauna mata.

Ya je wurin Barewa. "Yaya, wannan ƙafa kamar tsinke, a cikin taɓo?"

"Ina ruwanka, ɗan dako?" Ita ma ta zauna mata.

Ya je wurin boka Hawainiya. "Ranka ya daɗe, baƙi na tafe. Ka ƙulla da kyau."

Jimina da Barewa suka zo kuwa, suka roƙa a ɗaure ruwa. Boka ya ƙulle hadari ƙulli uku.

Ranar gasa hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ya kasa zuba. Iska ta tsaya cak. Gari ya koma tukunyar dambu.

Aka ce a tashi. Fiii, Barewa da Jimina suka ɓace. Jaki na tafe ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Rijiya ta farko, ba su tsaya ba. Jaki ya kurɓa kaɗan ya wuce.

Rijiya ta biyu, ga Jimina baki buɗe, fukafukai na jan ƙasa. "Sannu, Hajiya, gashi dai bai jiƙe ba." Ya kurɓa ya wuce.

Rijiya ta uku, ga Barewa ta shanye guga guda, ciki ya ƙulle, tana birgima. "Sannu, Yaya, ba taɓo ko kaɗan." Ya kurɓa ya wuce.

Da ya taka fadama ya saki kuka ɗaya, ƙulli uku suka tsinke. Ruwa ya ɓarke a kan Jimina, ta fito kaza sak.

Magada suka iso da igiya da mai kilishi. Zaki ya yi hamma kawai. Har yau ba su dawo ɗaukar takalmansu ba.

To, kun ji. Mai shirin tafiya mai nisa ya saba wa jikinsa da zafin da zai tarar, kada ya tsaya gyaran sama.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera! Ba don Gizo da kakanku ba, da ban yi ƙarya ba.