Shamuwa da Teburin Lauyoyi

An ce a garin Marke an yi wani sarki mai suna Barmo, mutum mai riƙo, wanda in ya ƙi abu sai dai a gyara zama. Tsakanin garinsa da Gidan Kuka akwai wata fadama da aka daɗe ana ja a kanta, a can ma ƙanensa Jatau ya rasa ransa. Jatau ya bar 'ya ɗaya, Turai. Sarki ya riƙe ta, ya tura ta karatun lauya don ta ƙwato fadamar a kotu. Har ta kai matakin ƙarshe, saura a sa mata rigar lauyoyi.

Ana nan sai wani falke ya dawo daga birni ya ce a makarantar an ga Turai tana cin abinci teburi ɗaya da Sallau, ɗan sarkin Gidan Kuka, wanda shi ma lauya zai zama. Sarki ya fusata. Ya sa direbansa ya ta da mota, a je a ɗauko ta, karatun ya ƙare ke nan.

A kan marken ƙofar fada kuwa akwai wata tsohuwar shamuwa da ke sauka duk damina. Ta sauko ta ce, “Ranka ya daɗe, na ga mota na ruri, fuskarka kuma ta fi hadarin jiya duhu. Ina za a?”

Sarki ya faɗa mata. Ya ce, “Na aike ta ta koyo faɗa, ta tafi tana haɗa hannu da ɗan waɗanda suka kashe ubanta. Ciwo nake ji, Shamuwa.”

Shamuwa ta ce, “Ka san ni da yawo. Na ga ƙasar da ake tsare ɗalibin lauya da littattafai har idonsa ya zurma, sannan a yi masa jarrabawa. Tsuntsayen ƙetare sun ba ni labarin wata inda sai ɗalibi ya zauna kusa da alƙali, ya koma wurin mai gabatar da ƙara, ya koma wurin mai kare wanda ake tuhuma, kafin a yarda da shi. Wasu ƙasashen kuma bin babban lauya ake yi ana riƙe masa jaka. Amma akwai inda duk iliminka ba ka samun riga sai ka ci abinci tare da manya da sa'o'inka, kuma ba kai ke zaɓar kujera ba. In ka ba ni izini, in gaya maka abin da ya faru da Dogo da Gajere.”

Sarki ya ce, “Faɗi, amma motar ba za a kashe ta ba.”

Shamuwa ta ce: A wani birni na bakin teku, can kudu, an yi ɗalibai biyu. Sunayensu ba sa zama a bakina, shi ya sa na raɗa musu Dogo da Gajere. Mutanensu sun yi yaƙi da juna, kowane yana da kabarin da yake ziyarta. Da aka zo cin abinci sai aka ajiye su gefe da gefe. Dogo ya miƙe ya tafi wurin wata tsohuwar alƙaliya da ke shugabantar teburin, ya ce, “Baba, a sauya mini kujera, ko in bar rigar.”

Ta ce, “Zauna, ɗana. Ka taɓa jin labarin lauyan ƙauyen gangare?” Ya ce bai taɓa ji ba.

Ta ce: An yi ƙauyuka biyu a kan rafi ɗaya, na tudu da na gangare. Na tudu suka gina madatsar ruwa, na gangare suka kai ƙara. Kowane ƙauye ya reni lauyansa a gida, tun yana ƙarami ana gaya masa mutanen can maƙaryata ne. Lauyoyin nan ba su taɓa haɗuwa ba sai a gaban alƙali, inda kowa ke ɗaga murya. Wata damina lauyan tudu ya ga madatsar ta tsage. Ya gangaro da gudu cikin ruwa, ya sami lauyan gangare ya ce, “Kwashe mutanenka yau, madatsa za ta ɓalle.” Lauyan gangare ya dube shi ya yi murmushi. Ya koma ya ce wa mutanensa, “Dabara ce. So suke ku tashi, gobe su ce wa kotu kun bar ƙasar da kanku. Kada wanda ya motsa.” Suka zauna, saboda sun yarda da shi. Ruwa ya zo ya tafi da rabin ƙauyen, har da uwar lauyan.

Alƙaliya ta ce wa Dogo, “Gaskiya aka kawo masa har gida, amma bai taɓa jin muryar mutumin a wajen kotu ba, bai san yadda take ba in ba jayayya ake yi ba. Ni ban ce ka so Gajere ba. Koma ka ci abincinka, ka buɗe ido.”

Shamuwa ta ce: Dogo ya koma yana cika yana batsewa. Da ake ta zaman, sai ya lura da wani abu. Miyar makarantar ba ta da daɗi ko kaɗan, amma duk sanda manya suka tambaya, Gajere zai yabe ta yana sosa kunne. In kuwa da gaske yake magana, sai ya ɗora hannu biyu kan teburi ya rage murya.

Bayan shekaru Dogo ya zama mai gabatar da ƙara, Gajere kuma yana kare wani masunci da ake tuhuma da kisa. Shaidu sun taru a kan masuncin, igiya kawai ta rage. Gajere ya sami Dogo ya ce, “Akwai matar da ta ga abin da ya faru, tana tsallaken teku. Ba ni da abin da zan nuna maka. Kada ka ja da ni in na roƙi a ɗage shari'ar.” Dogo ya dubi hannuwansa, ya ga suna kan teburi. Bai ja ba, duk da mutanensa sun zage shi. Matar ta zo, aka saki masuncin. Har suka tsufa Dogo da Gajere ba su zama abokai ba, kuma a kotu ba mai raga wa wani.

Shamuwa ta ce, “Ranka ya daɗe, Turai za ta nemi fadamar nan da dukkan ƙarfinta, kada ka yi shakka. Amma wata rana Sallau zai zo mata da magana, kuma rayukan mutanenka za su rataya a kan ko ta san lokacin da yake faɗin gaskiya. A Marke yau wa ya san haka game da mutum ɗaya na Gidan Kuka?”

Sarki ya ce, “Ranar da aka kashe Jatau, sarkin Gidan Kuka ya aiko da safe. Ya ce kada kowa ya je fadama, samarinsa sun fi ƙarfinsa. Muka taru a zauren nan muka ce dabara ce.” Hawaye ya zubo masa, bai share ba. Ya ce, “Da a cikinmu akwai wanda ya taɓa cin tuwo da mutumin nan, da yarinyar nan tana da uba.”

Shamuwa ta ce, “Allah ya jiƙan Jatau.”

Sarki ya ce, “Amin. Na ji, na kuma karɓa.” Ya kira direba ya ce, “Kashe motar. Kada wanda ya tayar da Turai daga teburin nan.”