Arba'in da Biyu a Hanyar Madina

Akwai wani mutum a unguwar Misfala ta Makka mai suna Mukhtaru, a shekarun da aka fara buɗe makarantun 'yan mata a can. Aikinsa raka alhazan ƙasar Hausa zuwa Madina a manyan motoci.

'Yarsa Asiya, mai shekara tara, tana son lissafi. Malamarsu, wata Bafalasɗiniya mai suna Widad, har gida ta zo ta ce masa, "Baban Asiya, yarinyar nan tana da kai. A ƙarfafa mata gwiwa."

Mukhtaru ya yi dariya. "Ustaza, kan mace ai tukunya ce mai huji. Ko ɗaya da ɗaya ta haɗa, sai namiji ya sake dubawa."

Daga ranar, duk kuskuren da ta yi a aikin gida, sai ya ranƙwashe ta. A hankali Asiya ta daina yarda da lissafinta.

Bayan Hajjin wata shekara mai tsananin zafi, ya tafi da ita hanyar Madina don ta riƙa ba tsofaffin mata ruwa. Alhazai arba'in da uku ne, a mota biyu.

Da azahar suka tsaya a wata rumfar shayi a tsakiyar sahara. Iska ta fara tashi da rairayi, direbobi suna ta matsa ham. Mukhtaru ya leƙa motocin sama-sama ya ce, "Sun cika. Yalla, mu tafi!"

Amma Asiya ta ƙirga. Ashirin da uku a motar gaba, goma sha tara a tasu. Arba'in da biyu. Ta sake ƙirgawa, haka dai. Ta buɗe baki, sai idonta ya sauka a kan hannun babanta. Ta ce a ranta, "Ni ce na ɓata lissafin." Ta yi shiru.

Sai da la'asar wata mata ta tambaya, "Wai ina Hajiya Zali?"

Tsohuwa ce daga Damagaram, ba ta ji sosai. Ashe a wurin rumfar shayin ta zaga bayan wani dutse da butarta, kowace mota ta ɗauka tana cikin ɗayar.

Suka juya. Butar kawai suka tarar, da sawun ƙafa da ya bi titi kaɗan, sannan ya karkata cikin rairayi. Kwana uku ana nema. Ba a gan ta ba.

Da suka koma Misfala, Asiya ta faɗa masa cikin kuka cewa ta ƙirga har sau biyu.

Ya dafa bango. "To don me ba ki yi magana ba?"

"Na ɗauka hujin ne, Baba."

Darasi: Abin da ka yi ta faɗa wa yaro game da kansa, shi zai gaskata, ko da idonsa ya nuna masa gaskiya. Kada mu cusa wa 'ya'yanmu mata tsoron lissafi. Ku tura wa sauran iyaye.