Dabgi da Harajin Bututu

An yi wani Dabgi a dajin Ruwan Gora, gwanin haƙa ne, ba ya gajiya. Yana cikin tono ya ci karo da iskar gas a ƙarƙashin ƙasa, irin wadda ake girki da ita. Ya ɗauki Zomaye aiki, suka gina manyan tankuna, suka shimfiɗa bututu har bakin kogi. A can Dorina, wata 'yar kasuwa mai tsantseni, za ta riƙa saye tana kaiwa ƙasashen waje.

Ba a kai ga sayar da ko tulu ɗaya ba sai ga Gwaggon Biri, mai karɓar harajin dajin, sarkin haɗama.

"Kowane tanki da harajinsa," in ji shi. "Kowane bututu ma haka, duk shekara!"

"Haba ranka ya daɗe!" in ji Dabgi. "Ban fara ciniki ba. Ka bari in sayar, ka ɗebi rabonka."

"Ina ruwana da cinikinka? Ƙasarmu ka danne da ƙarafanka!"

Dabgi ya biya. Da ya ƙara tanki, Biri ya ƙara haraji. Dole Dabgi ya ɗaga farashin gas ɗinsa.

Ranar da Dorina ta ji farashin, sai ta yi tsaki.

"Malam Dabgi, tsallaken kogi Beguwa na sayarwa da araha. Su can sai an yi ciniki ake biyan haraji. Kada ka ga laifina."

Ta nutse, ta tafi.

Ran Dabgi ya ɓaci matuƙa. "Ni da haƙa, ni da gumi, wani na zaune a reshe yana kashe mini kasuwa!"

Ya toshe rijiyar gas ɗin, ya kwance bututunsa da tankunansa, ya ƙetare kogi. Zomaye suka rasa aiki, murhun kowa ya mutu.

Da Biri ya dawo karɓa, fili ya tarar fetal, sai Zomaye a tsaye, ido jajur.

"Ku tsaya, zan rage wa Dabgi harajin!" in ji Biri.

"Yanzu?" in ji Zomaye. "Je ka karɓa a wurin ramin!"

Suka tuɓe shi daga muƙamin, suka kore shi kan duwatsu.

Darasin wannan labari shi ne, hukumar da ta danne babban aiki da haraji tun bai fara kawo riba ba, za ta kore shi zuwa wani wuri, ta rasa harajin, jama'arta su rasa abin yi.