Hawainiya da Hoton Mahaifin Barira

Masu ba da labari sun ce a garin Gusau an yi wata budurwa mai suna Barira, wadda Allah ya hore wa zane. Da kwamfutar hannu take yin sa, da ɗan alƙalaminta. Mahaifinta, Malam Sambo tela, ya rasu da damina, bai bar hoto ba sai wani guda da ya dushe. Kullum Barira tana ganin innarta ta ɗauko hoton nan ta kai shi kusa da ido, ta daɗe tana kallo. Sai ta ƙudura a ranta za ta zana mata fuskarsa sabuwa.

Ta yi makonni tana aiki. Da ta gama, ta tura shi zauren masu zane da take ciki a waya, inda kowa kan nuna aikinsa a ba shi shawara. Yabo ya yi ta zuwa. Can sai wata mai suna Lantana ta rubuto: "Launin fatar ya fito da kyau. Amma idon hagu ya haura na dama, bakin kuma ya karkace. Ki daidaita su."

Barira ta ji kamar mamacin aka kushe. Bayan la'asar ta zauna gindin gwaibar tsakar gida tana hawaye, ta yi niyyar goge hoton ta fice daga zauren.

A kan gwaibar nan akwai wata tsohuwar hawainiya. Ta juyo da ido ɗaya ta ce, "'Yar nan, dakata da yatsanki. Me ya yi zafi?"

Barira ta kwashe duka ta faɗa mata.

Hawainiya ta ce, "Wanzami ba ya son jarfa. Ni da launi ne sana'ata, ban taɓa ganin bayana ba, sai an gaya mini. Kin ji labarin Mudi mai zanen mota?"

"Ban ji ba, Iya. Yaya aka yi?"

Hawainiya ta gyara riƙon reshe, ta ce:

A Funtuwa an yi wani mutum, Mudi, mai zane a bayan manyan motoci. In za shi aiki sai ya kewaye motar da zanar ciyawa, don kada kowa ya leƙa, ko ya koyi yadda yake haɗa fenti. Wata rana wani direba ya kawo masa sabuwar mota ya ce zaki yake so. Mudi ya zana zaki a kwance, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa, yana kallon nesa. Shi dai bai taɓa yin aikin da ya kwanta masa a rai kamar wannan ba.

Da aka yaye zana, direba ya duba ya ce, "Malam Mudi, ƙafar bayan nan ta gajarta, kamar gurgu. Sa'an nan wane irin zaki ne ba ya hargowa? Buɗe masa baki, a ga haƙora."

Mutanen tasha suka yi dariya. Mudi ya jefar da buroshi, ya nufi gidan gwaggonsa Asabe, wadda ta raine shi tun yana maraya. Ya zauna bakin tabarmarta ya ce, "Gwaggo, ɗayan biyu ne. Ko in bar sana'ar nan, ko in riƙa zana duk abin da aka ce, in daina sa raina a ciki."

Gwaggo Asabe ta tura masa kwanon fura. Sai da ya sha ta ce, "Duka biyun ba hanya ba ce, ɗan nan. Bari in ba ka labarin Kande mai zanen ƙwarya."

Mudi ya ce, "Ina ji, Gwaggo."

Ta ce:

A ƙauyenmu an yi wata mata, Kande, mai zanen ƙwarya da ƙarfe mai zafi. 'Ya ɗaya gare ta. Da auren 'yar ya matso, Kande ta zaɓi ƙwaryar da ta fi kowacce a rumbunta, ta ce wannan ita za ta raka 'yarta ɗaki. Ta yi mata zane, a gindi kuma ta sa wani ɗan kifi, irin wanda uwarta kan sa a duk ƙwaryar da ta fito daga hannunta.

Ta kai ƙwaryar bakin rijiya tana nuna wa mata. Wannan ta ce a ƙara tsuntsu. Waccan ta ce layukan sun yi siriri. Wata ta ce kifi a ƙwarya ƙauyanci ne, a rufe shi. Kande ba ta son ɓata wa kowa. Ta koma gida ta yi ta maida ƙarfe wuta, tana ƙari a kan ƙari, har ƙarfen ya huda ƙwaryar. Ta zauna ta rungume ta tana kuka.

Washegari ta ɗauki wata ƙwaryar, ta sake zane daga farko. Wannan karon ta kai wa wata maƙwabciyarta da ta san aikin, ta ce, "Yaya, duba mini inda hannuna ya kauce." Matar ta jujjuya ta ce, "Layin baki bai haɗu ba a nan. Kifin ma da kin cire." Kande ta duba, ta ga layin bai haɗu ba da gaske, ta gyara. Kifi kuwa ta ce, "Wannan na uwata ne, yana nan."

Ranar kai amarya, yarinyar ta kifa ƙwaryar ta ga kifin. Ta shafa shi da yatsa ta ce, "Inna, ashe Kaka ma ta zo rakiya."

Gwaggo Asabe ta ce, "Ka ji, Mudi. Shawara kamar hatsi ce a faifai, sai an bakace. Wanda ya zubar da duka ya kwana da yunwa, wanda ya haɗiye duka ya ci tsakuwa."

Hawainiya ta ci gaba: Mudi ya koma tasha da safe. Yana wucewa ta gefen wata mota da aka ajiye kusa da wadda ya yi wa zane, sai ya hango zakinsa a cikin madubinta, dama ta koma hagu. Nan take ya ga abin da idonsa ya ɓoye masa: ƙafar ta gajarta ƙwarai. Ya gyara ta. Da direba ya zo, Mudi ya ce, "Ka yi gaskiya a ƙafa, na gode. Baki kuwa ka bar shi a rufe. Zakin da ya san ƙarfinsa ba ya hargowa, haka nake so ka bi hanya." Direba ya sake duban zakin, sa'an nan ya ce a bar shi haka.

Daga ranar Mudi bai sake kafa zana ba. Ya koya wa abokan sana'arsa dabarar madubi. Wani a cikinsu ya koya masa ya riƙa ja da baya yana ƙanƙance ido, don ya ga inda haske ya faɗa da inda inuwa ta kwanta kafin ya shiga ƙananan abubuwa. Aikinsu duka ya ƙaru, ba wanda ya ragu.

Hawainiya ta juyo da idanunta biyu kan Barira ta ce, "To 'yar nan, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin nan na hannunki ba ya iya juya hoto kamar madubi?"

"Yana iyawa, Iya."

"Juya mu gani."

Barira ta share hawaye ta juya hoton. Ta yi ajiyar zuciya. Idon hagu ya haura, ba ko shakka, har ta yi mamakin yadda ta yi makonni ba ta gani ba. Ta ja wani siririn layi daga ido zuwa ido, ta sauko da shi a hankali har ya zauna. Sa'an nan ta kai alƙalami wajen bakin, sai hannunta ya tsaya.

Ta ce, "Iya, ai haka Baba yake murmushi. Kullum da allura a gefen bakinsa yake ɗinki, har bakin ya saba. Ko ba allura, ta gefe guda yake murmushi."

Hawainiya ta ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Lantana ta san fuska, ke kin san mahaifinki. Kowaccenku ta kawo abin da ɗayar ba ta da shi."

Barira ta rubuta wa Lantana godiya, ta gaya mata ta gyara idon, ta kuma ba ta labarin allurar. Ba a jima ba amsa ta zo: "Allah ya jiƙan Baba. Kada ki taɓa bakin nan. Don Allah ki koya mini yadda kika haɗa launin fatar, na daɗe ina fama da shi." Barira ta yi murmushi, ta ce da hawainiya, "Na karɓa, Iya. Ba zan fita ba, kuma ba zan ɓoye abin da na iya ba."

Ta tashi ta shiga ɗakin innarta, ta durƙusa ta miƙa mata hoton. Inna ta karɓa da hannu biyu. Ta kai shi kusa da ido. Can ta gyara lulluɓinta, kamar yadda takan yi in ta ji sallamar Malam Sambo a ƙofar gida, ta ce a hankali, "Sannu da zuwa, Malam."

Nan masu labari suka tsaya. Allah ya haɗa mu da masu gaya mana gaskiya cikin taushi.